Kwabban Kakana a Fordham

Kakana yana da kanti a zangon Kumasi. A zamaninsa canji ya yi wuya, sai ya sa maƙeri ya buga masa 'yan kwabban tagulla masu hoton tukunya. Su yake ba mutane a madadin canji, su dawo da su su karɓi gishiri ko kananzir. Da Inna ta rasu, gwangwanin kwabban ya zo hannuna, na taho da shi New York.

Lokacin ina sayar da koko da ƙosai kusa da Fordham Road, yawancin masu saye direbobin tasi ne. Wata Asabar yayana ya taso daga Park Hill da wani Bature mai tara tsofaffin kuɗi. Mutumin ya sa farar safar hannu yana jujjuya kwabban. Ya ce zai saye duka, ya jera su cikin gilashi.

Na ce ba na sayarwa ba ne.

Yaya ya ja ni gefe. "Ke, kin ji abin da ya taya kuwa? Ƙarfe ne fa kwance a ƙarƙashin gadonki."

"Yaya, da girmanka, amma ni Inna ta bar wa."

"To me za ki yi da su?"

Ran Litinin na juye su a kwano kusa da tukunyar koko. Duk wanda na rasa canjinsa sai in miƙa masa ɗaya, in ce gobe ya kawo ya sha koko. Wani direba ɗan Nijar ya yi dariya ya ce, "Hajiya, banki kika buɗe?" Amma washegari ya dawo da shi. Kafin sanyi ya shigo, har kyautarsu direbobin suke yi wa juna.

Wasu sun ɓace, ban musa ba. Wani ma huda nasa ya yi, ya rataya a makullin mota. Da Yaya ya ji, ya kira ni yana faɗa, wai na watsar da gadon gida a titi. Na ce nawa ne, kuma gobe ma zan bayar. Ya daina ɗaukar wayata har Babbar Sallah. Ranar ya zo ya ci tuwo, bai tayar da maganar ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba.