Layin da Baba Ya Sa Na Ja

Shekara uku bayan samun 'yancin kai, takarda ta iso gidanmu a Illela daga sabuwar jami'a. Ni na karanta wa Baba, don ni kaɗai na yi boko a gidan. Suna roƙon ya karɓi wani ɗalibi mai nazarin dabbobi, ya zauna a rumfarsa ta fatu tsawon dogon hutu. In Baba bai sa hannu a ƙarshe ba, ɗalibin zai maimaita shekara.

Ranar kasuwa ɗalibin ya sauka, siriri, littafi a hammata. Daga zaure nake hango su. Baba ya sa ya ajiye littafin, ya rufe ido, ya shafa fata ya faɗi ko ta jar akuyarmu ce ko ta tsallaken iyaka. Kullum sai ya kuskure. Fatake su yi ta dariya suna kiransa Malam Alƙalami, shi ma ya dara, ya sake miƙa hannu. Ban taɓa ganin mai ilimi da ya iya shan dariya haka ba.

Wata rana ya ga an shanya fatu a ƙasa cikin rana, yadda muka gada. Ya durƙusa ya roƙi guda biyar, ya ɗaure su jikin itace, ya rataye a inuwa inda iskar tafkin Kalmalo ke ratsawa. Da suka bushe, Baba ya rufe nasa idon ya shafa. Ya sake shafawa, ya gyaɗa kai.

Ana jibi zai tafi, Baba ya tura masa fata bakwai.

"Mi ka ji, ɗana?"

Ɗalibin ya shafa, ya faɗi shida daidai. Ta bakwai ya ce bai sani ba. Baba ya ce wannan amsar ma ta ɗan kasuwa ce.

Aka kira ni in cika takardar. Na karanta gurbin abin da ɗalibi ya koya, Baba ya faɗa, na rubuta. Sai ya riƙe hannuna.

"Ɗiyata, ina wurin abin da maigida ya koya?"

Na ce babu.

"To, ja layi."

Na ja, na rubuta shanyar inuwa, sannan ya sa hannu da ajami.

Da shekara ta zagayo, takardar ta dawo da ɗalibai biyu. A ƙasanta, daidai inda alƙalamina ya karkace, ga layin nan an buga shi da inji.