Da Hannuna Na Cire Sunan Uwar da Ta Shayar da Ni

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina ɗauke da wannan labari a cikina, yau na ce bari in sauke shi a shafinku, ko wani ya tsira daga irin abin da na aikata. Lokacin da abin ya faru ban cika shekara talatin ba, ina mushe, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin ƙauyenmu, wani ɗan gari a bakin iyakar ƙasar Tasawa da ta Mayahi, wanda kasuwarsa ta mako ita ce ta Urafane. Ni kaɗai ne ɗan garin da ya yi nisa a boko, don haka duk takardar da ta shigo ni ake kira in karanta, wadda za ta fita kuma ni ke rubutawa. Dattawa suna gaishe ni da hannu biyu, ni kuwa kaina ya soma kumbura, ina ganin ƙauyen ya yi mini kaɗan.

An haife ni a shekarar babban fari, mahaifiyata ta rasu ban yi arba'in ba. Yunwa ta ƙafar da nonon matan unguwarmu, sai mahaifina ya naɗe ni a zane ya nufi rugar Fulani da ke yamma da rijiyar gari. A can wata mata mai goyon ɗa namiji ta karɓe ni, ba ta tambayi komai ba, ta shayar da mu tare har aka yaye mu. Inna nake ce mata. Ɗanta kuwa ɗan'uwana ne na nono, tare muka yi rarrafe, tare muka bi maruƙa daji. Da aka kai ni kolej a Tasawa, ita ke aiko mini da man shanu a ɗan gora duk ranar kasuwa. Ko bayan na zama mushe, in na tashi yara da la'asar ƙafata ba ta tsayawa sai a ƙofar bukkarta. Ta dama mini fura da nono, ta yi ta yi mini faɗa da Hausarta mai gauraye da Fillanci, wai na rame, wai ƙurar alli tana cin mutum.

Sojan da ke mulki a wancan zamani ya ce za a ba talakawa majalisunsu, kowane yanki ya zaɓi wakilansa. Kafin zaɓen aka sake yanka ƙasa, aka ja sababbin iyakoki, aka ce kowane ƙauye ya bayyana tungaye da rugagen da ke ƙarƙashinsa don a san inda kowa zai jefa ƙuri'a. Maigari ya miƙa mini aikin rubutun kamar kullum. A daidai lokacin wani alhaji mai cinikin hatsi, jagoran wata jam'iyya a yankinmu, ya riga ya sa sunana cikin 'yan takararsa. Ɗaya jam'iyyar kuwa wani tsohon likitan dabbobi ke jan ta, mutumin da makiyaya ke ƙauna ƙwarai. Wata rana alhajin ya zo bisa moto, wato babur, ya same ni gindin itacen bedin lakwal yara na hutu. Ya ce rugagen yamma duk na likita ne, in aka bar su a yankinmu mun sha ƙasa. Ya tuna mini cewa arɗonsu yana zaune ne a ɓangaren Mayahi, don haka in na rubuta cewa can suke, ban yi ƙarya gaba ɗaya ba. Na ce masa a can uwata take. Ya yi dariya ya ce ba korar ta za a yi ba, takarda ce kawai, za ta yi zaɓenta a wancan ɓangare, ta dawo ta ci gaba da dama mini fura.

Na yi kwana biyu ina juya maganar, a rana ta uku na rubuta, na sa hannu. Abin da ban bincika ba, domin ban so in sani ba, shi ne mutanen wancan ɓangare sun riga sun rufe nasu rubutun, kuma a wurinsu rugagen namu ne tun kaka da kakanni. Ta haka mutanen da suka haƙa rijiyarmu tare da iyayenmu suka wayi gari ba su nan, ba su can. Na ci gaba da zuwa wurin Inna kamar babu abin da ya faru. Sau biyu tana tambayata yaushe katinta na zaɓe zai fito, ina ce mata yana hanya.

Ranar zaɓe ajin da nake koyarwa shi ne rumfar ƙuri'a. Da hantsi na hango matan ruga sun jero, Inna a gaba, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi wanda ba ta fito da shi sai da salla. Suka zauna a layi cikin rana har azahar ta kusa. Da aka zo kanta aka duba sama da ƙasa, babu sunanta, babu na ko mutum ɗaya daga rugar. Ta ce a kira mata ɗanta, shi ya iya karatu, zai gano shi. Na zo na karɓi takardun ina buɗawa ɗaya bayan ɗaya, yatsana na bin layi, alhali na san abin da nake nema ba ya ciki. Na ɗago na ce mata kuskure ne daga gari. Ta dube ni, ta ga idona ya kawo ruwa, ta ɗauka takaicin rashin ƙuri'arta ne. Sai ta dafa kafaɗata a gaban jama'a ta ce, “Kar ka damu, ɗana. Ni na ce wa duk mutanen ruga kai za mu yi. Likita shanu yake wa magani, kai kuwa nonona ka sha. Allah ya ga niyyarmu.” Ban san yadda na fita daga ajin ba.

Jam'iyyarmu ta ci da ɗan rinjaye, aka yi kiɗa a ƙofar alhaji, aka soma kirana konseye, wato ɗan majalisar yanki. Ban taɓa zama a kujerar ba ko sau ɗaya. Rigima ta tashi a kan sakamakon zaɓe a ƙasa baki ɗaya, ba a jima ba wasu sojojin suka karɓe mulki, aka ce duk abin da aka yi an soke. Amma takardar da na rubuta ba a soke ta ba. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, kafin bazara rumbuna sun yi fayau, daji ya zama ƙasa tsantsa. Da taimakon hatsi da dusar dabbobi ya iso, da wancan rubutun aka yi rabo. Mutanen ruga suka zo aka ce su tafi ɓangaren Mayahi. Suka ɗaura amalanke suka yi yini guda a hanya, can ma aka ce ba a san da su ba, suka dawo da buhuna wayam. Na ari moto na tafi Tasawa don in gyara, na bi ofis-ofis, kowa ya ce hukuma sabuwa ce, ba mai ikon taɓa takarda sai an ba da umarni daga sama. Sau uku ina zuwa, amsar ba ta sake ba. Shanun Inna suka soma kwanciya, wadda ta kwanta kuwa sai an taru an ɗaga ta, daga baya ko an ɗaga ba ta tsayuwa.

Na sayi buhun hatsi na kai ruga. A bakin rijiya na gamu da ɗan'uwana yana jan wasaki. Bai amsa sallamata da fara'ar da na saba ba. Ya ce a can inda suka je neman taimako wani magatakarda ya karanta masa takardar da ta fitar da su, har da sunan wanda ya sa hannu. Ya ce ya sa an maimaita masa sunan sau biyu, ko kunnensa ne. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Ya ce zai karɓi hatsin saboda yara, amma yana roƙona abu guda, kada in kuskura in gaya wa Inna, shi ma ba zai faɗa mata ba, domin ta rasa shanunta, ba zai bari ta rasa ɗa a shekara guda ba. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, ya juya ya ci gaba da jan ruwansa.

Bayan mako biyu suka kwance bukkoki suka yi kudu da abin da ya rage na dabbobi. Na raka su har bayan gonakin gari. Inna na bisa jaki, tana ta ba ni saƙo, wai in riƙa cin abinci, wai in dubi 'yar wane in yi aure kafin su dawo, da ruwa ya sauka ciyawa ta fito za su juyo. Na ce to. Na tsaya ina kallonsu har suka shige bayan tudu. Ruwa ya sauka a shekarar, ciyawa ta fito, ba su dawo ba. Wata daminar ma haka. Daga baya aka nome wurin rugar, yanzu wake ake shukawa a inda na koyi tafiya.

Na neme su iyakar ƙarfina. Duk hutun lakwal ina bin kasuwannin dabbobi, daga namu na nan har na ƙetaren iyaka, ina tambayar duk Bafillacen da na gani. Wani ya ce ya gan su gabas, wani ya ce sun nausa kudu mai nisa. Sai bayan shekaru da yawa wani makiyayi ya gane su da kwatance, ya ce tsohuwar ta rasu da jimawa. Ya ce ya tuna ta sarai, domin duk baƙon da ya sauka sai ta ba shi labarin ɗanta mushe, wanda mutanen garinsu suka zaɓa saboda gaskiyarsa. Bai san garin da aka binne ta ba. Yanzu na yi ritaya, ina da 'ya'ya da jikoki, amma har gobe in la'asar ta yi sai in ji kamar akwai inda ya kamata in tafi, in rasa inda zan sa ƙafa.

Abin da na koya ya zo mini a makare. Na ɗauka mugunta sai da sanda ko bindiga, ashe ana yin ta da alƙalami, mutum na zaune a inuwa da riga mai tsabta. Ina kira ga duk wanda Allah ya ba karatu a cikin mutanen da ba su samu ba, musamman matasan da 'yan siyasa ke ja a jiki in zaɓe ya ƙarato: duk sunan da aka ce ku rubuta ko ku tsallake, mutum ne mai ciki da iyali, kuma wanda ya sa ku ba zai tsaya tare da ku ranar da abin ya juyo ba. Kada ku yarda da wanda ya ce muku takarda ce kawai. Ni kujerar da na yi dominta ban ko ga kalarta ba, uwar da na bayar kuwa ba a samun irinta sau biyu.

In Allah ya sa ɗan'uwana yana raye, wani kuma ya karanta masa wannan, zai gane kansa. Na riƙe alkawarin da ya ɗora mini, ban faɗa mata ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ba na cewa ya yafe mini, wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne. Ya aiko mini kawai da sunan garin da take kwance, in je in tsaya a kanta in yi mata addu'a tun ƙafata na iya kai ni.