Geron da Kawu Rilwanu ya binne don jarrabawa

Salamu alaikum mutanen gida, yau labarin kawuna Rilwanu nike son in ba ku, ƙanen innata ne, ɗan kabu-kabu ne nan Kaura Namoda. In kun taɓa hawa mashin daga bakin tasha zuwa Kasuwar Daji wataƙila ma shi yad ɗauke ku, dogo ne baƙi mai wushirya, ba shi gudu ko kaɗan, shi yas sa mata masu ɗauke da ƙwai ko manja shi suke tsayawa jira. Shina da mata, Hamida, da ɗiya guda ƙarama Anisa. To wanga mutum da gemunai da iyalinai bana ne yag gama sakandare, kuma saura ƙiris shi rasa.

Asalinmu mutanen wani ƙauye ne kusa da Birnin Tsaba, can ƙasar Zurmi. Can Kawu yay yi firamare yay yi ƙaramar sakandare har yas shiga aji ɗaya na babbar, sai zaman lahiya yay yi wuya, anka rufe makarantar, malamai kowa yak kama gabanai, mu ma munka kwashe munka dawo Kaura. Kakanmu Baba Maiwada, wato baban Kawu, bai ɗauko komi na kirki ba sai tabarma da buta da irin geronai cikin wani tsohon buhu, iri ne da yag gada wurin babanai, zangarniya doguwa kamar hannun mutum, in ka taɓa buhun ga sai kun yi faɗa da shi. Wani surukinmu yab ba shi aron gona a Ɗan Isa, nan muke ci har yau.

Da hankali yak kwanta Kawu yat tahi wata makarantar gwamnati nan cikin gari yac ce shina son shi ci gaba. Sunka ce ina takardar canjin makaranta, yac ce wa zai ba ni, makarantar tamu awaki ke kwana ciki. Sunka ce ai wanda yat tashi ba takarda cikin waɗanda sunka bar karatu ake sa shi, amma dai sunka karɓe shi, yas sake aji ɗaya daga farko. Yak kai aji biyu lahiya lau, sai ƙafar Baba tak kumbura, ruwan shuka yas sauka, ba mai zuwa gona sai Kawu. Yat tahi shuka, daga shuka sai noman farko, daga nan sai maimai, wato noma na biyu, kan shi ɗaga kai zango ya ƙare. Yad dawo yat tarad da wani yaro zaune bencinai, don ajin cike shike da ɗiyan gudun hijira irinmu, wasu ƙasa ma suke zama, in ka yi nisa an ba wani wurinka. Anka sake sa shi cikin waɗanda sunka bari. Nan ne yas samu mashin, yay yi aure, kowa yac ce shi ke nan boko ta ƙare.

Ana nan sai wata rana yad ɗauki wani fasinja mai jaka, suna cikin tahiya fasinjan yab buga mai kafaɗa yac ce, “Rilwanu dogo, ashe kana nan?” Ashe Imran ne, abokinai na ƙaramar sakandare, shi iyayenai sun kai shi Gusau tun da wuri, ya yi karatun malanta, an turo shi koyarwa makarantar nan da Kawu yab bari. Imran ɗin ne yay yi ta bin shugaban makaranta har anka yarda Kawu shi koma aji biyu, da sharaɗin wagga ita ce ta ƙarshe.

Ranan da Malam Imran yaz zo gidanmu faɗa mai ina nan ina tankaɗe, duk na ji. Kawu yac ce, “To kai Malam, ko in ce Imran sarkin kuka, ku wai yaya kuke ƙidayarku? Ni ban taɓa cewa na bari ba.”

Malam Imran yay yi dariya yac ce, “Cikin aji dai ka riƙa ce min Malam, kar yara su raina ni. Kashi uku muke yi. Waɗanda sunka shiga aji ɗaya tare sunka hita tare bayan shekara uku, su ne sunka gama. Wanda yak koma wata makaranta da takarda ba ruwanmu da shi, ya zama nasu. Wanda kuwa yab ɓace zango guda ba labari, ya bari.”

“Ko da shina gona ana ganinai daga bakin titi?”

“Ko da shina bisa katangar makaranta. Kuma ka ji da kyau dogo, in jarrabawar ƙarshe taz zo, ka rasa Turanci ko Lissafi, ba ka gama ba, kuma ni ba ni da bakin sake roƙo.”

Haka Kawu yak koma. Da sahe shi sa farar riga da wandon makaranta, Hamida na yi mai tsiya tana cewa ɗan makaranta a ba ka na tara ko ka ƙoshi, shi ce ki aje min in na taso. Yara sunka sa mai suna Baban Aji, bai damu ba, har shi ke raba su in suna faɗa. In an tashi shi cire rigar shi hau mashin har magariba. Damanar bara Allah yat taimaka ruwa yaf faɗo daidai ƙarshen mako, noma kuma yay yi ta yi da marece, yat tsallake zuwa aji uku.

To bana ne abin yaz zo da wuya. Jarrabawar NECO tana kamawa daidai lokacin da ake jiran ruwan shuka, kuma kun san ruwan shuka ba shi jiran kowa, in ya sauka yau gobe kowa na gona da sungumi, in ka bari ƙasa tas sha iska ka makara. Baba ko tsakar gida ba shi ƙetarewa sai da sanda. Gidan ba wani namiji babba, babana shina can Shinkafi wurin aiki, kuma ranar da ruwa yas sauka ba ka samun ɗan ƙwadago, kowa tashi gona yake ji.

Sai Kawu yaz zo ma Baba da maganar binne. Ga wanda bai sani ba, binne shi ne ka shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, shi kwanta can shina jira. In ruwa mai ƙarhi yaf fara zuwa ka ci riba, geronka shi riga na kowa hitowa. In kuwa yayyafi yaz zo yaj jiƙa shi sama-sama, sai iri shi kumbura shi fara tsira, rana ta biyo baya ta ƙone shi cikin rami, ka yi asarar iri gaba ɗaya.

Baba yac ce, “A'a. Ubana bai yi binne da irin ga ba, ni ban yi ba, kai ma ba ka yi.”

“Baba in ruwa yas sauka ranar Turanci hwa?”

“Turanci za ka tuƙa muna mu ci?”

Kawu yat tashi yad ɗauki mashin yat tahi aiki. Bai sake ta da maganar ba, shi haka shike, ba shi jayayya da babba. Amma kowa ya ga ya yi sanyi, littahin ma sai shi buɗe shi aje. Ni dai na san in ruwa yaz zo ranar jarrabawa gona za shi, don ya taɓa yi.

Ina jin Baba ma ya san haka. Wata sahiya bayan an karya kumallo sai yak ƙwala min kira, “Ke matar, jawo min buhun can.” Haka shike ce min don wasan jika. Nij jawo, yak kwance bakin da hannunai yas sa hannu ciki shina juya geron, yad daɗe haka, sannan yac ce a kira Rilwanu. Yac ce, “Ɗauki. Ka nutsa ramin sosai, kar ka yi irin shukar ragwaye, kuma ka danne da diddige don zabbi. In ya mutu mu sayi na kasuwa kamar kowa.” Yaj juya fuska bango wai barci shike ji, da sahe hwa.

Kawu da Hamida sunka yi binnen ranakun da ba makaranta, shi na sara da sungumi ita na zuba iri tana rufewa, ga rana ga ƙasa kamar toka mai zahi. Masu wucewa suna ce mai Baban Aji ko a boko anka koya maka shuka ba ruwa, shi dai sai shi ɗaga musu hannu.

Anka fara jarrabawa da ƙananan darussa. Ana cikin haka wata la'asar hadari yat taso daga gabas baƙi ƙirin, munka ce alhamdu lillahi, sai iska tak kwashe shi, abin da yas sauka ɗan yayyafi ne wanda ko kwata bai gudana ba. Wanga shi ne abin da Baba ke tsoro. Baba na zaune bakin ƙofa shina kallon sama. Kashegari rana tah hito tas, jibi ma haka. Kawu yat tahi gona bayan ya taso yat tona ramu da yatsa, yad dawo da geron cikin tafin hannu yan nuna ma Baba. Na tudu wurin yashi ƙalau shike a bushe, na kwari inda laima ke kwanciya ya kumbura har ya fasa baki.

Baba yad duba yac ce, “Na kwari ya tahi.”

Kawu yac ce, “Ka yi haƙuri Baba.”

“Ni nib ba ka. Je ka yi karatunka, kana tsaye kaina kamar turke.”

Ruwan gaske kuwa sai ga shi ana gobe Turanci, tun azahar yake zuba har kwata tac cika tas shigo zaure. Da sahe gari duk ya watse, jakkai da mashina da mata da yara kowa da sungumi ya nuhi gona. Kawu yas sa farar rigatai, yat tsaya bakin ƙofa shina kallonsu suna wucewa, wani maƙwabcinmu har yac ce mai dogo ba ka zuwa, Kawu yac ce tawa shukar tana ƙasa tun tuni. Yah hau mashin yab bi ta cikin taɓo yat tahi makaranta. Malam Imran yac ce ranan benci biyu ba kowa cikin ɗakin jarrabawa, yaran suna gona, an sa su cikin waɗanda ba su gama ba.

Kawu bai rasa ko darasi guda ba har ranar ƙarshe. Ranan yara suna ta ihu wai sun yi kandi, wato sun gama sakandare, shi kuwa yab biyo da Malam Imran gida bisa mashin, Hamida tad dama musu fura. Nan Kawu yac ce, “To Malam yanzu wane kashi nike?”

Malam Imran yas sosa kai yac ce, “Gaskiya dogo, ka gama, takardarka za ta hito kamar ta kowa in Allah ya so. Amma cikin ƙidayar da muke aikawa sama ba ka cikin waɗanda sunka gama kan lokaci, don 'yan ajinku na farko sun daɗe da hita. Kuma sau biyun can da anka ce ka bari suna nan, ba a gogewa.”

“Wato mutum biyu sun gudu, guda ya gama a makare, kuma duk ni ɗin ne?”

“Duk kai ne.”

Hamida tac ce, “Ni dai guda anka ba ni, kuma tuwon mutum guda nike tuƙawa.” Sunka yi ta dariya har Anisa tat tashi daga barci.

Geron tudu ya hito, ya ma riga na maƙwabta, kore shar har gwiwa. Kwari kuwa fili ne sai ɗai-ɗai. Ranar Juma'a da sahe Kawu yad ɗora Baba bisa mashin a hankali yak kai shi Ɗan Isa, rabon Baba da gonar ga tun kan ƙafar ta kumbura. Hamida ce tab ba mu labari don ta bi su. Tac ce Baba ya tsaya dogare da sanda ya daɗe shina kallo, sannan yan nuna kwari yac ce gero ya makara nan, a sa wake. Yan nuna wasu kunyoyi can sama inda geron yaf fi kauri yac ce ma Kawu waɗanga ko an yi yunwa ba a taɓa su, iri ne.

Sakamako bai hito ba tukuna, an ce sai gaba. Kawu ya koma kabu-kabu da sahe, marece shina gona shina cira da noma. In kun hau mashin ɗinai kar ku ce shi yi sauri, ba shi yi.