Takin da Ya Gangara Tafki

Mai Almakashi ake ce masa, don tun yana saurayi aikinsa ke nan, aske shuke-shuke a gidajen mutane. Ya tsufa a wani gida da ke kan tudu, inda ciyawar tsakar gida take kore shar ko da rani. Matarsa takan ce, "Da ni ciyawa ce, Malam, da na ga gata."

Akwai dabarar da yake ji da ita. Da ya ga hadari ya haɗu sai ya watsa takin zamani ba ƙaƙƙautawa, wai ruwa ya kai shi har saiwa. Bai taɓa tambayar inda ruwan yake zuwa ba.

A gindin tudun wani tsoho yana kiwon kifi a tafki. Wata damina ruwan tafkin ya yi kore, ya yi kauri, kifaye suka taso ciki sama. Mai kifi ya ɗora laifin a kan mai wanki da ke aiki a bakin kwata.

"Kumfarka ce! Kwashe igiyoyinka ka bar nan."

"Haba Baba, sabulun da ko wuyan riga ba ya fitarwa?"

Mai Almakashi yana wurin. Da zai koma sai ya bi kwatar a ƙafa. Ciyayin gefenta sun yi wani irin kore da ya sani sarai, tun daga tafkin har ƙofar gidan da yake aiki. Nan ya gane inda takinsa yake zuwa.

Ya daina watsa takin. Ya haƙa rami yana tara busassun ganye su ruɓe, ya shuka ciyawa mai doguwar saiwa a bakin gangaren don ta tare ruwa. Amma mai wanki ya koma can nesa, kullum yana wucewa da ƙunshi a ka, yana cewa, "Sannu da aiki, Baba." Gaisuwar nan ta hana shi cin abinci.

Da ya faɗa wa matarsa abin da ke damunsa, sai ta ce, "To, ramin naka ne zai mayar wa mai wanki da wurinsa?"

Ya sami mai kifi yana kwashe gansakuka da kwando.

"Yaya, ba kumfa ba ce. Takina ne."

Tsohon ya ajiye kwandon.

"Kai ka kashe kifi, ni na kori mutum. Wuce gaba mu je wurinsa, amma kai za ka fara magana."