Mai Askin da Hannunsa Ya Shanye

Mai aski ne a bakin titi, kujerarsa ɗaya, madubinsa a tsage. Da ciwo ya shanye masa hannun dama, yayansa, dattijon coci, ya zo asibiti. Ko zama bai yi ba ya ce, "Ka binciki kanka, ƙanena. Allah ba ya bugun mutum haka kawai."

"Fita, Yaya," in ji mai aski.

Daga ranar suka daina gaisawa. Mai aski bai fasa roƙon Yesu ba, ko da yake rabin addu'arsa faɗa ne: "Kai ka ba ni hannun nan, nuna mini yadda zan ciyar da iyalina." Ya koyi aski da hagu, ya ɓata kawuna, ya sha zagi. Sannu a hankali yatsun dama suka soma riƙe mataji.

Wata Lahadi yayan ya ba da shaida a coci cewa azuminsa ne ya warkar da ƙanensa. Mai aski ya miƙe daga kujerun baya. "Ƙarya kake, Yaya! Ubangiji ne!"

Matarsa ta janyo rigarsa ya zauna yana huci. Har yau bai yafe ba. Ya ce wannan ma yana roƙon Allah a kai.