Takardar Ƙunshin Gugguru

Abin da na fara lura da shi da na iso ƙofar makarantarmu ranar Juma'ar nan shi ne an share toka. Duwatsun murhu uku suna nan a gindin darbejiya, amma tsakaninsu fes, har ana ganin sawun tsintsiya. Iya mai gugguru kuwa ba ta share tokarta. A kan ta jiya take hura wutar yau.

Sana'ar nan ta girme ni nesa ba kusa ba. Uwar mijin Iya ce ta fara ta a bakin tashar motocin Katsina, da kaskon ƙasa da yashi da jar dawa. Da ta rasu Iya ta gaji kaskon, ta kai shi ƙofar gidan kallo, ta koma yin na masara. A nan ta tsufa. Da aka fara shari'a aka rufe gidan kallon, sai ta kwaso duwatsunta ta dawo wajenmu. Babana ya ce da yana yaro a takardar buhun siminti ake ƙunshe guggurun, daga baya aka koma jarida. A zamaninmu tsofaffin littattafan rubutu 'yan makaranta ke kawo mata.

Iya ba ta yi boko ba, amma tana da doka guda. Duk takardar da ke da rubutun Larabci ba ta ƙunshi da ita. Ninke ta take yi ta sa a gwangwani, ta kai gida ta ƙona. Sai dai hayaƙin shekaru ya cinye mata ido.

Ni ban iya kutsawa cikin 'yan mata ba, kullum a gefe nake tsayawa har a watse. Wata rana ta ce, "Ke 'yar shiru-shiru, idanun nan naki na ado ne? Zo ki duba mini takardu."

Tun daga nan aikina ke nan a lokacin tara. In buɗe kowane shafi gaba da baya, in ware mai Larabci. Ita kuma ta rairaye yashi ta ba ni ƙwayoyin da suka ƙi fashewa, masu ƙauri, masu karya haƙori. Na fi son su.

Farkon zango na kawo mata littattafaina na bara. Su ban duba ba, don nawa ne, a ganina na san abin da ke ciki. Na manta ranar da na bar littafin Islamiyya a gida na rubuta wata gajerar sura a bayan na lissafi don in haddace.

Ranar Alhamis wani saurayi cikin masu wa'azin unguwa ya tsaya ya saya. Ya cinye, ya warware takardar zai goge hannu, sai ya tsaya cak.

"Iya, kin san a cikin me kike zuba wa mutane gishiri da mai?"

"Takarda ce, ɗan nan."

"Ayar Allah ce!"

Ya ɗaga ta sama. Mutane suka taru. Daga inda nake ina hango ɗigon shuɗin biro a kusurwarta, inda bakin birona yake zuba. Mai ya jiƙa layi biyu na ƙasa.

"Wa ya kawo miki ita?"

Iya ba ta ko waiwayo inda nake ba. Ta ce, "Ni na yage ta da hannuna. Allah ya yafe mini."

 Aka kaɗa ƙararrawa na bi sahu na shiga aji. Da yamma mai unguwa ya aika mata ta huta tukuna har a duba maganar. Ba a duba ba.

Sati biyu ina wucewa ta gaban duwatsun nan kaina a ƙasa. A na uku na nemi gidanta, can bayan rijiyar Kusugu. Na same ta zaune a tsakar gida, kaskon a kife kusa da turken akuya, kaji suna tonon yashin.

"A'a, 'yar shiru-shiru. Kin zo karɓar albashi? Kamfani ya rushe."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Iya, takardar nan tawa ce."

"Na sani. Wa ke da biro mai zawo in ba ke ba?"

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In ce me? Tsohuwa makauniya ta yi kuskure, a ce Allah sarki. Ke mai karatu fa? Har ki yi jikoki ana nuna ki da baki." Ta kori kaza da mafici. "Sai dai babu wanda ya ce Allah sarkin. Jiya na aika da ɗan abin da na soya a gida, yara suka ce iyayensu sun hana su ci."

Ta ce in tafi kada a neme ni. Ba ta ba ni komai ba, babu abin bayarwa.

Ranar Litinin na tarar an ture duwatsun cikin kwata. Wasu mutum biyu suna auna gindin darbejiya da igiya. Na ji ɗayan yana cewa ƙanensa zai kawo injin gugguru mai gilashi daga Kano, a leda zai riƙa zubawa, babu ruwansa da takarda. Mai unguwa kawai suke jira ya sa baki ranar Laraba.

Da babana ya dawo daga kasuwar dabbobi na kai masa ruwa a zaure. Ban taɓa fara yi masa magana ba sai ya tambaye ni. Na durƙusa na ƙi tashi.

"Lafiya, uwata?"

"Baba, takardar da aka kama Iya da ita rubutuna ne."

Ya ajiye kofin bai sha ba. 

Na ce, "Don Allah gobe ka raka ni gidan mai unguwa kafin in wuce makaranta. Ni zan yi bayani da bakina. Kai dai ka tsaya kusa da ni."