Ƙarfen Malam Habu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Malam Habu, wanda abokan aikinsa na jami'a ke kira Farfesa. Fiziks ya koyar, bincikensa kuwa duk a kan tsawa ya ƙare: yadda take saukowa, da yadda za a ba ta hanya ta shige ƙasa ba ta taɓa kowa ba. Ni ƙanwarsa ban taɓa gane takardun da yake rubutawa ba.

Da ya yi ritaya ya dawo Daura, sai ya shiga bin masu walda rumfa-rumfa. Yana nuna musu yadda ake kafa ƙarfe mai tsini a kan rufi, a ja waya mai kauri daga jikinsa zuwa rami, a zuba gawayi da gishiri a binne. Ya koya musu yadda za su auna tsawon ƙarfen da faɗin ginin. Wasu suka ce yana ja da ikon Allah. Bai yi fushi ba, cewa kawai yake yi, "Wanda Ya halicci tsawar, Shi Ya halicci ƙarfen."

Bayan rasuwarsa raina ya daɗe bai kwanta ba. Gara ta ci rabin littattafansa, ɗalibansa da suka zo ta'aziyya suka ɗauke ƙafa. Ya sha gaya mana cewa awon wutar lantarki duk sunayen masana ne da suka mutu tuntuni, kullum ana ambatonsu a aji. Na ɗauka nasa sunan ya tsaya a zauren gidanmu.

A damunar bana, ana tsakiyar ruwa da hantsi, aka bugo mini waya cewa tsawa ta faɗa makarantar firamaren da 'yata Hafsatu ke koyarwa, a wani ƙauye kan hanyar Zango. Ban san yadda na hau babur ba, salati kawai nake yi har muka isa. Na tarar da ita tsaye a baranda, hijabi jiƙe sharkaf, yara sun kewaye ta.

"Umma, kunnuwanmu ne kawai suka toshe," in ji ta. "Ba wanda ya ji ciwo."

Na zauna a kan dakali. Hedimasta ya nuna mini wayar da ta sauko ta jikin bango, ta yi baƙi ƙirin.

"Hajiya, Allah Ya tsare, ƙarfen Malam Habu ya ɗauke ta."

Na ce, "Ka san shi ne?"

"A'a, haka dai masu walda ke kiransa. Awon ma, awon Malam Habu suke cewa."

Ashe wanda ya kafa ƙarfen bai taɓa ganin yayana ba, a wurin maigidansa ya koya.

Da yana raye, na san ba sunan ne zai dame shi ba. Zai tone ramin ya ga ko an sa gawayi sosai, ya kuma yi faɗa kan masu ɗora sola a rufi ba ƙarfe.

Takardunsa suna hannun masana, ban san inda suka kai ba. Abin da na gani da idona shi ne yara sun koma gida da ƙafafunsu, iyaye mata na jiransu a bakin ƙofa. Allah Ya kai haske kabarinka, Yaya.